Wata Bakwai Ban Ci Jibi Ba

'Yata ta biyu tana da shekara goma sha ɗaya muka tashi daga unguwar Rikkos muka koma Gada Biyu, lokacin da gari ya hargitse kowa ya nemi inda nasa suke. A tsohon gida yarinya ce mai surutu, sai an ce ta rufe baki a ji labarai a rediyo. A sabon gida na kasa gane kanta. Da safe tana shara tana waƙa, kafin in dawo daga kasuwa ta kumbura ta cika ɗaki. In ce miƙo mini ludayi, sai hawaye. In tambayi abin da aka yi mata, ta ce ba kome, an jima kuma in ji ta tana ƙyalƙyala dariya da wanta. Ana nan sai ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku.

Na yi duka, ba zan ɓoye ba. Na yi faɗa, na hana ta shan ruwa da yamma. Wata safiya cikin sanyin Disamba na same ta a bayan ɗaki tana wanke zanen gado, yatsunta sun ƙage. Ta ɗago ta ce, "Mama, don Allah kar ki gaya wa kowa. Ko Baba." Na ce ba zan faɗa ba. Daga ranar tare muke shanya katifa, in an tambaya mu ce ruwa ne ya zube.

A zumuntar mata ta cocinmu kuwa akwai al'ada: ran Talata duk mai damuwa takan rubuta a takarda, ba suna, ta jefa a faifai, a karanta, a yi addu'a. Ni a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da jika ta zo na shiga ajin manya. Don haka na ja magatakardarmu gefe, wata malamar firamare mai tabarau, na raɗa mata maganar fitsarin 'yata ta rubuta mini. A wautata na ɗauka gaya wa takarda ba gaya wa mutum ba ne.

Ran nan uwar zumunta ba ta zo ba, magatakarda ce ta karanta. Da ta zo kan tawa, ta karanta, ta ajiye, ta cire tabarau.

"'Yan'uwa, mu dage wa 'yar'uwarmu mai kabeji. Yarinya ce fa babba, ta kusa zama budurwa. Irin wannan ba a banza yake zuwa ba, sai a binciki gida."

Ni kaɗai ke sayar da kabeji a zumuntar nan. Mata suka sunkuyar da kai suka yi addu'a da ƙarfi, ni ina zaune kunnuwana suna zafi.

Ran Lahadi yara a makarantar Lahadi suka tarbi 'yata da "amalala". Ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin madafa ta ce, "Kin ce ba za ki faɗa ba." Shi ke nan. Daga ranar ba ni da kome a wurinta sai "to" da "a'a". Coci ta daina zuwa, babanta ya yi tsawa har ya gaji. A da ko fushi take yi, a jikina take saukewa. Yanzu in na shiga ɗaki sai ta fita.

Abin da na fara ƙudurtawa shi ne in je makarantar da magatakardar ke koyarwa in tuɓe mata ɗankwali a gaban ɗalibanta. Zan iya, 'yan kasuwarmu shaida ne. Amma na san ƙarshensa: ni dattawa za su sa a horo, in koma bencin baya, ita ta ci gaba da riƙe littafin zumunta. Ban ga riba ba. Na haɗiye na jira Lahadin farkon wata, ranar da ake cin jibi.

Ranar Jibin Ubangiji, kafin a raba gurasa da ƙoƙo, Fasto yakan yi gargaɗi cewa duk mai riƙe da wani a zuci kada ya ci sai ya shirya da ɗan'uwansa. Masu irin wannan sukan sulale waje ne, ko su laɓe a baya. Ni na ɗaura zanena mafi kyau, na kafa ɗankwali, na zauna a layi na biyu. Da dattijo ya iso da tiren jibi na naɗe hannu a ƙirji. Ya tsaya ya ce a hankali, "Mama?" Na girgiza kai yadda na can baya ma zai gani.

Wata ya zagayo, na sake. Mata suka fara biyo ni har rumfa.

"Maman yara, lafiya ba kya cin jibi?"

"Ina da magana da wata. Ba zan ci in jawo wa kaina hukunci ba."

"Wace ce?"

"Ta san kanta. Kabeji nawa za a ba ki?"

Ban taɓa kama sunanta ba, ba na bukata. Duk ranar jibi sai a dube ni, a juya a dube ta. A wata na huɗu ta ɗauki ɗan ƙoƙon kanta a sunkuye. A na biyar ita ma ta bar tire ya wuce. Na ji daɗi, kuma ban roƙi gafarar jin daɗin ba. Addu'ata a watannin nan ba ta wuce, "Ubangiji, kana dai gani."

A gida kuwa ba abin da ya motsa. Nakan yi wa yarinyar kitso, kanta a cinyata, mu gama ba wanda ya ce uffan. Wata rana ta yi jifa da kwanon gwate don wanta ya ce ta cika shiru. Hannuna ya tashi da kansa, na mai da shi, na kwashe gwaten na wanke wurin. Na daina duka gaba ɗaya, ba don na zama waliyyiya ba, don na ga ba ni da bakin hukunta ta.

A wata na bakwai Fasto ya kira mu ofis. Ya yi nasiha mai tsawo, ya ce mu sha hannu.

Na ce, "Baba, ba ni aka kira amalala ba. Wadda aka yi wa laifin tana gida. Can za a je."

Magatakarda ta zabura. "Ni? In je in ba sa'ar 'yar cikina haƙuri? Addu'a fa na nema mata!"

"Da sunan kabejina kika nema mata?"

Fasto ya ce ya isa. Ya dube ta ya ce takardar faifai amana ce, ta kuwa karya. In ba ta je ba, ta ajiye littafin zumunta.

Ran Asabar da la'asar ta zo, matar Fasto ta rako ta. Na fito da kujerar babansu tsakar gida na zaunar da 'yata a kai. Su na shimfiɗa musu tabarma. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, ban kore su ba. Magatakarda ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce, "'Yata, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Yarinyar ta ce, "Na ji."

Matar Fasto ta ce, "Haba 'yata, ce kin yafe mana."

"Ban yafe ba tukuna."

Matar Fasto ta juyo gare ni. "Maman yara, ki sa baki."

Na ce, "Ai ta ce tukuna, Mama. Ku gai da gida."

Na raka su ƙofa, na tsaya ina kallon bayan magatakarda har ta sha kwana, zuciyata fes. Har yau in mun haɗu muna gaisawa, amma ban taɓa nadamar watannin nan ba. Na dawo ina naɗe tabarma, ina jiran a ce sannu Mama. Yarinyar ba ta tashi daga kujerar ba.

"Kar ki naɗe," in ji ta. "Saura ke."

Na tsaya da tabarma a hannu. Ni da ko a gaban uwar mijina gwiwata ba ta cika taɓa ƙasa ba. Na buɗe baki zan ce ai don ke na yi duk wannan, sai na ga idonta, na rufe. Na mai da tabarmar, na durƙusa, na ce ni na fara kai maganar waje bayan na yi alkawari, ta yafe mini.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zamo daga kujerar ta faɗo jikina, ta yi kukan da ta riƙe wata bakwai, har gaban rigata ya jiƙe. Da ta lafa ta share hanci da gefen zanena.

"In na gaya miki abu, Allah kaɗai za ki gaya wa. Kuma a zuci, ba da baki ba."

Na ce na yarda. Ta gyara zama ta fara magana, tun daga ranar da muka bar Rikkos. Abin da ta faɗa mini ba zai shiga takardar nan ba.