Halaye Huɗu na Maman James

Bintu na zaune a inuwar dalbejiyar ƙofar gidanta a Galtimari tana ɗinkin hula, sai ta ga Malam Nicodemus tsaye a kanta. Mijin aminiyarta ne Rebeka, wadda kowa ke kira Maman James. Tun da suke, bai taɓa tako ƙofar nan ba. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce mutanen daji sun faɗa wa masu roron wake a gonakin Konduga, 'yan sa-kai masu gora sun kwaso gawarwaki, shi kuma ya je ya gane matarsa da zanenta. Allura ta shige yatsan Bintu, ba ta ji ba sai da ta ga jini a farar hular.

Rebeka mutuniyar wajen Biu ce. Aikin akawu ya kawo mijinta Maiduguri, ita kuma ta kafa injin markaɗe a bakin layi. Doguwa ce, mai babbar murya, mai saurin fushi da saurin huce. A shekarun da gari ya cika da 'yan gudun hijira, wata malama ta zo taron zumuntar mata na cocinsu, ta koya musu cewa halin mutane kashi huɗu ne, wanda ya san nasa da na maƙwabcinsa zai zauna lafiya. Sunayen na Turanci ne, kafin ta iso gida sun zube mata. Sai ta raɗa nata: wuta, iska, ƙasa da ruwa.

A layin markaɗe ta fara gwada abin. Mai halin wuta, a sallame ta da wuri kafin ta kunna layi. Mai halin iska, a ba ta hira, sai ta manta tana jira. Ƙasa ba ta da matsala, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ruwa ce abin lura, domin ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai gobe a nemi robarta a rasa.

Ran nan Yagana mai ƙosai ta ce, "Maman James, ni wace ce a ciki?"

"Ke? Iska ce, har da guguwa."

"Ubanki ne guguwa! To sa min wakena a gaba, yau wuta nake ji."

Kanta ma ba ta ƙyale ba. Ta yarda ita wuta ce. In ranta ya ɓaci sai ta ja igiyar inji, ta zazzage faɗanta kaf cikin ƙara, ba mai jin ko kalma. Mijinta kuwa ƙasa ne. Shekara da shekaru tana ɗaukar shirunsa raini ne, sai a lokacin ta gane haka Allah ya yi shi, gidansu ya yi sanyi.

Bintu ce ta fi ba ta aiki. Daga Ajilari ta dawo unguwar bayan an kashe mijinta Mikail, kuma ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Rebeka ta ja ta a jiki. In salla ta zo Bintu ta kai mata tuwo, in Kirsimeti ya zo sai an nemi Musulmi ya yanka kaza saboda Bintu. Kullum Rebeka tana ce mata, "Ke ruwa ce, duk inda aka karkata ki nan kike bi. Ni ba na son aminiya mai ce min to a komai. Ki buɗe baki ki faɗi abin da ke ranki, ko da zai ƙona ni." Bintu sai ta yi murmushi ta ce to.

Shekarar da aka kayar da turakun lantarki, gari ya shiga duhu, mai ya yi tsada, injin ya yi shiru. Rebeka ta samu aron gona a Konduga ta shuka wake, tunda an hana shuka mai tsayi don kada mutanen daji su ɓuya a ciki. Da waken ya nuna, Bintu ta ji daga bakin masu itace cewa an ga sawun baburan mutanen daji a bayan gonakin. Wuni guda maganar na cinta. Rebeka da kanta ta koya mata ba a tare wuta ta gaba, ƙara tashi take yi. Ita ce kuma ta ce a faɗa mata gaskiya. Har yau Bintu ba ta san wanne ya kamata ta bi ba.

Bayan la'asar, ana gobe za a tafi roro, Bintu ta same ta tana ɗinke yagaggun buhuna kusa da mataccen injin. Ta ce, "Maman James, kada ki je gobe. Ban yarda ba."

Rebeka ta saki buhun, ta zuba mata ido, sai ta kwashe da dariya ta rungume ta. "Yau ruwa ya yi magana! Nicodemus, fito ka ji!"

"Ba wasa nake ba. Na binne ɗaya, ba zan iya na biyu ba."

Nan hawayen suka zo, na farko a gaban mutum. Rebeka ta daina dariya, ta share mata fuska da gefen zane. Ta ce wake ya fara fashewa a gona, in ta ƙara kwana ƙasa za ta cinye, gidan kuma babu komai.

"Na ji ki, Bintu, wallahi na ji. Kin yi naki."

"To ki tsaya kusa da titi. Kada ki kai la'asar."

"Azahar ma a gida za ta same ni. Ki share tsakar gidanki, a can zan shanya."

"Zan share."