Jiminar da Aka Ba Ni, Ta Bi Wata

Shekarar da aka kawo jimina gidanmu a Tudun Kaya, ban kai goma ba. Wani falke abokin Baba ne ya zo da ita daga arewa cikin kwando, 'yar tsako ce amma ta kai kaza girma, jikinta duk tsika-tsika kamar bushiya. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ga taki." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A ranar na kwanta da ƙyanda. Aka killace ni a ɗakin Inna, kiwon jiminar ya faɗa hannun taubashiyata, 'yar goggona da aka kawo riƙo daga Jajaye ta ƙasar Rogo. Sa'ata ce, shiru-shiru, ba ta da hayaniya irin tawa. Ita ke yanka mata ganyen rama ƙanana, ta jiƙa mata dusa, ta kamo mata fara a bayan gida.

Da na warke na fito, sai na tarar an riga ni. Duk inda taubashiyata ta sa ƙafa, jiminar na biye. In ta shiga banɗaki, tana tsaye a ƙofa tana kuka. Na miƙa mata dusa a tafin hannu, ta cinye tas, ta juya ta koma gindin waccan.

"Inna, ai tawa ce!" na ce, ina hawaye.

"Taki ce mana," in ji Inna. "Amma tsako wanda ya buɗe ido ya gani yake ɗauka uwa. Ki yi haƙuri."

Ban yi ba. Na lura jiminar tana son abu mai walƙiya, sai na sa awarwarona duka na dinga kaɗa mata hannu. Ta zo kuwa, ta fizge ɗan kunnena ɗaya ta haɗiye, kamar yadda take haɗiye tsakuwoyi don su niƙa mata abinci a ciki. Taubashiyata ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na yini ban yi mata magana ba.

Kafin damina ta zagayo jiminar ta fi Baba tsawo. Bayan wata shekarar gashinta ya rikiɗe baƙi wuluk, bakin fukafukan fari fat, wuyan ya yi ja. Sai a lokacin muka gane namiji ne, amma bakinmu ya riga ya saba da "ta". Da hantsi takan kumbura wuya ta yi wani gurnani mai zurfi, awaki su watse. In ta hango taubashiyata ta dawo daga rijiya, sai ta durƙusa, ta baje fukafukai, tana kaɗa kai dama da hagu. Matan unguwa su cika tsakar gida suna kallo, suna cewa yarinyar nan tana da farin jini har wurin tsuntsu. Ni ina rakuɓe jikin rumbu, zuciyata kamar ta fashe.

Daga baya ta yi faɗa. Yatsu biyu ne a ƙafarta, babban da farce kamar ƙaho, kuma gaba take shuri. Ranar da ta tsaga cinyar jakinmu, Baba ya ce zaman ya ƙare, zai kai ta wurin wani malami a Karaye mai ƙaton fili da katanga.

Maza uku suka kasa sa mata igiya. Ƙarshe taubashiyata ce ta shige gaba da ƙwaryar dusa, jiminar ta bi ta salin-alin. Ranar kasuwa ce. Tun daga bakin gari mutane suka yi dafifi, yara na ihu, masu kekuna na sauka su ba da hanya. Ni ina can baya da gorar ruwa.

Wata tsohuwa ta tambaye ni, "'Yan mata, ta wace ce?"

Na ce, "Tawa ce."

Ta dube ni, ta dubi ta gaban, ta ce, "Allah sarki."

A hanyar komawa taubashiyata ta yi ta kuka, Baba yana rarrashinta, har ya ɗora ta a kan kekensa yana turawa. Na so in yi kukan nima, na matsa idona, ko ɗigo bai fito ba. Haka na tako a ƙasa har gida, ina jin ƙyashin hawayenta.