Shu'aibu ya tafi, ya bar Duna a hannun wani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura takalmi zan fita ofis da safen nan aka kira ni: Shu'aibu ya rasu.

Shu'aibu abokina, wanda muka fara aiki a ma'aikata ɗaya tun muna samari. Shi ya fara ba ni masauki a Durumi lokacin da ban san kowa a Abuja ba. Shi ke ɓoye mini ƙosai a durowarsa idan na makara.

Da ya yi ritaya sai ya kama gona can bayan Karmo, ya samo kare mai gadi, baƙi wuluk, ya sa masa suna Duna.

Tun daga nan na koma na biyu.

In kira shi mu gaisa, sai labarin Duna. Duna ya kori ɓarayin masara. Duna ya ƙi cin abinci. Ni kuwa ina sauraro, raina na sosuwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, na je masa da albishir an ƙara mini girma a ofis. Ya rungume ni, ya yi barka, kafin in zauna ya ce, "Oga Sani, tada motarka, kasuwa za mu."

Wai siririyar sarƙar da ake ɗaure Duna da ita ta cinye masa gashin wuya, har ta yanke shi. In ya ja da ƙarfi sai ya kama tari.

Muka yi ta yawo cikin rana. Duk bel ɗin wuyan kare da aka miƙo sai ya juya shi ya mayar. Wannan ya yi siriri. Wancan bakinsa da kaifi. A ƙarshe wajen baduku muka tsaya, ya sa aka yanka masa mai faɗi, aka yi masa shafi mai laushi ta ciki.

Na ce, "Haba Shu'aibu! Duk zamanmu ko hula ba ka taɓa tsayawa ka zaɓa mini haka ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai in abu ya matse ka za ka faɗa. Shi fa? Siriri yanka yake yi, mai faɗi kuwa raba nauyin yake."

A gona ya durƙusa ya ɗaura masa, ya zura yatsu biyu a ƙarƙashi ya ga bai shaƙe shi ba, kuma ba zai zame ta kai ba. Ina tsaye kamar baƙo.

Jiya da la'asar ya faɗi a gonar. Haushin Duna ne ya jawo Baba Ayuba, manomin da ke iyaka da shi. Kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan jana'iza na ce wa matarsa, "Maman Hanifa, Duna fa? In ba damuwa zan ɗauke shi."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya Sani, ka yi haƙuri. Tun da ciwon zuciyar nan ya tsananta ya ce ko ta Allah ta kasance, a bar wa Baba Ayuba."

Ciwon zuciya? Ashe Baba Ayuba ya sani. Shi ke raka shi ganin likita. Ni ko sau ɗaya bai faɗa mini ba.

Na san bai so ya ɗaga mini hankali ba ne. Na san ni a bene nake, ban iya da kare ba. Duk na sani. Amma wallahi da na ga Duna kwance a ƙafar Baba Ayuba, sai da na kawar da kai. Su suka samu ƙarshensa, ni labari na samu.

Ya Allah, Ka jiƙan Shu'aibu. Yadda ya tausaya wa wanda ba ya iya magana, Ka tausaya masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini sanyin zuciya.