Kwamfutar da Na Kushe a Kazaure

Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma a Roni. Da tafireta na fara, daga baya aka kawo mana tsohuwar kwamfutar tebur wadda sai an ta da janareta take aiki. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma akwai abu guda da aka san ni da shi, a ofis da kuma unguwarmu a Kazaure: ba a sayen abu mai tsada sai an tafi da ni. Keken ɗinki ne, ko babur na hannu, ko injin markaɗe, ni ake ɗauka in duba. In na ce a saya, a saya. In na girgiza kai, a bar shi. Ba a biya na ko sisi. Mutum zai zo ya gaishe ni ya ce, "Baba, ina so ka raka ni," wannan ya ishe ni. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ya sani ba tare da an faɗa ba, cewa wanda aka kai ya duba kaya ba ya taya su wa kansa.

A ofishinmu akwai wani jami'i da aka kawo bayan ya gama jami'a, magidanci mai 'ya'ya biyu. Yana da ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Sai dai da yatsu biyu yake buga rubutu, yana neman kowane harafi da ido, amma duk da haka shi darakta yake kira in takardar gaggawa ta taso, don ya iya tura ta ta waya. Ni da nake cika shafi ban dubi hannuna ba, jerin sunayen masu karɓar taki ake miƙo mini.

Wata Alhamis ya tsaya a gaban teburina.

"Baba, akwai wata laftof a wani shago kusa da tasha, a Kazaure. An yi mata ragi sosai. Ran Asabar in ba ka da uzuri."

"Me ya sa aka yi ragin?"

"Ai shi ne nake so ka gano mana."

Muka je da hantsi. Mai shagon mutumin Babura ne, daga tsallaken iyaka yake samo kayansa, sai ya yi lissafi da sefa a zuci kafin ya faɗi kuɗi da naira. Ya ciro kwamfutar, ya buɗe, ya ci gaba da tura fuskarta baya har na ce masa zai karya ta. Bai saurare ni ba. Sai da ta naɗe gaba ɗaya ta koma kamar allo, ya rubuta gaisuwa a kanta da yatsa, sannan ya kafa ta a kan kanta ta tsaya da kanta. Siririya ce, ruwan toka, ba nauyi.

Na daɗe ina da buri guda: in na yi ritaya in kafa tebur a gindin darbejiyar da ke kusa da kotu, in riƙa buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Abin da ya hana lissafin ya tsaya shi ne rashin wutar lantarki a wurin. Ga abin da nake nema a gabana, da ragin kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a matsayin ɗan rakiya na zo.

Na yi dubawata yadda na saba. Na farko, jiki: karce ɗaya ne a murfi, ba tsaguwa. Na biyu, wurin naɗewa: na naɗe na buɗe sau ashirin, bai yi ƙara ba, bai saki ba. Na uku, batir: na sa aka cire caja, muka zauna muna hira har aka kira azahar, muka je muka dawo, tana nan a kunne. Na huɗu, madannan rubutu. A nan na ga dalilin ragin. Inda yatsana ya san A yake, Q na tarar. Mai shagon bai ɓoye ba, ya ce jerin Faransanci ne, irin na mutanen Nijar, shi ya sa masu saye daga Kano suka ƙi ta.

Na san hukuncin gaskiya tun kafin in ɗaga kai. Wanda yake duban kowane harafi kafin ya danna, wannan bai shafe shi ba. Kwamfutar ta fi kuɗinta nesa. Na buɗe baki zan faɗa, sai jami'in ya ɗauke ta ya rungume a hannun hagu.

"Ka ga, Baba, a taron kansiloli sai in riƙe ta haka, in rubuta da hannu. Kafin a tashi darakta ya samu rahotonsa."

Na hango shi a ɗakin taron, kowa yana leƙen abin da ke hannunsa, ni kuma ina can ina jiran a sayo man janareta.

Na ce, "Wannan ba ta aikin ofis ba ce. Haruffanta a hargitse suke. Kuma abin da ake lanƙwasawa kullum ba zai yi wata shida ba."

Mai shagon ya riƙe haɓa. "Haba Malam! Kai da ka naɗe ta sau ashirin da hannunka?"

"Na ce ba ta yi ba."

Jami'in ya ajiye ta a hankali. Ya ce, "Tunda Baba ya faɗa, shi ke nan." Ya sayi wata baƙa mai nauyi wadda ba ta naɗewa, da kuɗin da ya ɗara na waccan. Ita ma na duba ta, ba laifi gare ta. A hanya har ya tsaya ya saya mini tsire.

Kwana uku ina juya maganar. A na huɗu na fitar da buhunan gyaɗar da na ajiye na sayar, na kira ƙanen matata daga Gwiwa. Manomi ne, ba wanda ya san shi a wajen tasha. Na ba shi umarni uku: kada ya ambaci sunana, kada ya ambaci Roni, kada ya tsaya dogon ciniki. Ya kawo mini ita a cikin buhu, an rufe da wake.

Daga nan na gane abin da ban lissafa ba. Ba zan iya kai ta ofis ba. Ba zan iya zama da ita a zaure ba, don maƙwabta suna shigowa. A ɗaki nake rufe ƙofa in buɗe ta, kuma yatsun da nake taƙama da su suka ƙi ta. Duk layin da na buga sai na koma na gyara.

Matata ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, da kuɗinka ka sayi abu kake ɓoyonsa kamar na sata?"

Na ce ta je ta duba girkinta.

Ƙanen nata bai karya ko ɗaya daga umarnina ba. Mai shagon ne ya tambaye shi me manomi zai yi da irin wannan, shi kuma ya ce, da alfahari, ta mijin yayarsa ce, wanda ba a sayen komai a Kazaure sai ya duba. Daga baya shi da kansa ya ba ni labari, yana jiran in yaba masa.

Bayan mako biyu, ran Litinin da safe, jami'in ya shigo ya gaishe ni kamar kullum. Ya ajiye sabuwar jaka a kan teburinsa.

"Baba, na je sayen jaka. Mai shagon yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko haruffan sun daidaita."

Mata biyu masu kula da fayil a ofishin suka sunkuyar da kai. Na ce, "Ina amsawa." Bai ƙara komai ba, ran nan ko wata rana. Ya ci gaba da kira na Baba, yana tashi ya ba ni kujera. Na san abin da ya kamata in je in ce masa, na kuma tsara maganar bi da bi a zuciyata, amma ban je ba.

Da zafi ya shigo, na ji mai biyan albashinmu yana cewa zai sayi firji na hannu don matarsa ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ran Asabar na yi wanka da wuri, na sa kaftanin da aka goge, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Wajen ƙarfe goma suka wuce a kan babur, shi yana tuƙi, jami'in yana baya. Dukansu biyu suka ɗaga mini hannu, ba su rage gudu ba.

Na ga firjin daga baya, lokacin da muka je gidan mai biyan albashin barkar haihuwa. Ina zaune na ƙare masa kallo daga ƙofa zuwa baya, na saurari ƙarar injinsa. Mai kyau ne, ban sami abin kushewa ba. Ba wanda ya tambaye ni, don haka ban ce komai ba.