Mai Kwalekwale

Shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. In ya miƙe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Gwangwanayen fenti sun ci rabin wurin, shi ya ci rabi.

Tun yana saurayi ya zana kwalekwale a kan kogi a bangon wani shagon aski. Zanen ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto, daga nan aka laƙaba masa Mai Kwalekwale. Mai gidan abinci ya zo, mai makarantar yara ya zo, kowa bakinsa ɗaya: "Irin na mai askin nan nake so." Shi kuwa mutum ne mai kunya, ga iyali, ga tukunya ba ta jiran tunani. Haka ya yi ta maimaita zanen har furfura ta fito masa.

Yayarsa ce kaɗai ke gaya masa gaskiya. Duk ranar da ta leƙo sai ta jawo allon da ya kife a lungu, wanda ya fara zana hannayen mahaifiyarsu a kai bai gama ba.

"Ƙanina, hannunka ya iya komai. Bakinka ne bai iya a'a ba."

"Sai na samu sarari, Yaya."

"Sarari da ƙafarsa zai zo? Yabo ne ya ɗaure ka, ba ka sani ba."

Sai ya yi dariya ya mayar da allon.

Wata rana wata likitar yara ta kai shi sabon asibitinta, ta nuna masa farin bango. "Malam, zana abin da ranka ke so. Wuƙa da nama suna hannunka."

Ya wuni a gaban bangon. Ya haɗa kala ta bushe, ya sake haɗawa. Abubuwan da ya daɗe yana cewa zai zana, ya laluba a kansa ya rasa. Tsoro kawai ya tarar, kada a ce hannunsa ya lalace. Da la'asar ya ja layin farko, sai ya ga ashe bakin kogi ne. Ya ƙarasa.

Likitar ta yaba, ta yi godiya. Ya wanke burushinsa ya fito. A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi, wai surukinsa ma na da bango.

"Gobe da safe," ya ce.