Sahun da ya karkace

A makarantar sakandaren da yake koyarwa a Tasawa, babu wanda bai san Mushe Yusha'u da kibiyoyinsa ba. Malamin lissafi ne, siriri, ga tsabta, ga son a ce ya sani, kuma gaskiya ya sani ɗin. Darasin da ya fi ƙauna shi ne na kibiyar da suke kira vecteur. Zai zana ta a allo ya ce da ɗalibai: «Ku ninka ta sau biyu, ta ƙara tsawo. Ku raba ta biyu, ta gajarce. Ku ninka ta da adadin da ke ƙasa da sifili, ta juya baya. Amma duk abin da kunka yi, bisa layinta take, ba ta kauce mishi.»

Ɗan wani ƙauye ne a gefen Maijirgi. Mahaifinsa, Malam Namadi, manomin gero ne wanda ya yi ta shan gori don ya bar yaro a lakwal, makarantar boko, maimakon gona. Da yaron ya zama mushe kuwa, wato malamin lakwal, tsohon ya rama: ko zancen tsadar taki ake yi, sai ya san yadda ya sako sunan Yusha'u.

Shekarar da ƙauyen ya tashi sake masallaci, dattawa suka yi niyyar fuskantar gabas kamar kullum. Yusha'u ya zo hutu, ya ce alƙibla daga nan ba gabas tsantsa ba ce, ta ɗan jingina arewa, kuma a nan bai yi ƙarya ba. Ya fito da wayar salularsa mai nuna alƙibla, ya ɗora ta a kan amalanken da ya kawo ƙarafan gini, don nan ne ya samu wuri mai lebur. Ya kwantar da ɗan kara daidai da abin da ta nuna, ya sa aka ja igiya bisa karan har ƙarshen fili, aka kafa turaku. Har bayani ya yi musu cewa igiyar nan karan ne aka ninka, don haka ba ta iya kuskure. Malam Namadi ya yi ta kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Aka yi gayya, aka buga bulo, aka yi rufi kafin damina. Sai wata rana a aji ya ajiye salular kusa da ƙafar tebur ta ƙarfe, ya ga allurarta ta zame gefe. Ya ɗauke, ta dawo. Nan take ya tuna da ƙarafan da ke kan amalanken nan. Ranar Asabar ya hau mota zuwa gida, ya tsaya a fili nesa da kowane ƙarfe ya sake aunawa: masallacin ya yi arewa fiye da kima. Igiyar ba ta yi laifi ba, karkatar karan ta ɗauka ta kai har bango, kuma ya fi kowa sanin babu adadin da zai ninka da shi ya miƙe ta.

Ya yi makonni yana jin kunyar ko da kallon allo. Daga bisani ya je ya faɗa wa liman, Malam Abdussalamu, kansa a ƙasa. Liman bai yi faɗa ba, ya ce ba a rushe ginin gayya. Aka shimfiɗa igiyoyi a ƙasa a karkace, sahu ya bi igiya ya bar bango. Tun daga nan Yusha'u ya rage zuwa gida, in ya zo kuma sahun baya yake tsayawa.

Bara, wata rana Yusha'u na gida, wani baƙo mai sayen gyaɗa ya yi azahar tare da su. Da aka sallame ya dubi igiyoyin ya yi dariya, ya tambayi wane gwani ne ya auna musu alƙibla. Yusha'u ya buɗe baki, amma muryar mahaifinsa ta riga shi daga sahun gaba.

«Ni na kafa turken, baƙo,» in ji Malam Namadi. «Idon tsoho ne, sai haƙuri.»

Kowa a wurin ya san ba haka aka yi ba, babu kuma wanda ya waiwayo. Yusha'u ya rufe bakinsa, ya bar tsohon da dariyar baƙo.