Tafki a Kan Jirgin Jamus

Hoton jirgin a jikin wata kalanda na fara ganinsa, a shagon wani mai kayan gini a Birnin Kebbi. Fari fat, bene kan bene. Mai shagon ya ce Jamusawa suka ƙera shi don masu yawon shaƙatawa a teku, an sha sayar da shi ana sauya masa suna da fenti, kuma can samansa akwai tafkin wanka. Abin da na sani ke nan. Sauran ni na ƙara.

Duk Juma'a nakan kai wa taubashina labarin a Argungu. Masassaƙin kwale-kwale ne, kuma shi kaɗai a duniya bai taɓa barin ƙaryata ta wuce ba. Nakan ce in an ajiye goshin jirgin a Birnin Kebbi, wutsiyarsa sai garin Ambursa, har da 'yan kabu-kabu a ciki. Ya jure wannan. Tafkin ne ya ƙi.

"Mi kac ce, bawana? Ruwa cikin jirgi? Mu nan kwashe shi mukai da ƙwarya, su suna zubawa? Jirgin nan nutsewa shikai, ba su sani ba!"

Shekaru muka yi a kan tafkin nan.

Bara jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Na same shi kwance a zaure, gizagonsa jingine da bango. Matarsa ta ce yana ji, magana ce babu. Na ce mata ta bar ni da shi, ni na san maganinsa.

Na zauna na fara. Na ce an faɗaɗa tafkin, yanzu har kamun kifi ake yi a ciki. Na zuba kada uku. Na shuka shinkafa a gefe, na kawo manoman Zauro su yi girbi. Gumi nake, ina kallon bakinsa, ina jiran ko rabin "ƙarya kake".

Ya daɗe yana dubana. Sai ya gyaɗa kai a hankali, alamar ya yarda.

A motar komawa wani fasinja ya tambaye ni ko na san farashin albasa a Augie. Na ce ban sani ba, na juya wajen taga.